Ramin da Aka Yi wa Kwalliya

Yau tun da hantsi nake layin mai. Rana ta dake ni, hayaƙin motoci ya gama da idanuna, sai da na zo dab da famfo mai zuba man ya rataye bututunsa ya ce ya ƙare. Na ce masa, bawan Allah, jiya fa a talabijin wani babba ya rantse cewa mai ya wadata ko'ina a ƙasar nan. Ya ce to in koma talabijin ɗin a zuba min. Haka na turo babur da ƙafa har bakin layinmu, na jingina da itacen darbejiya in ɗan huta. Ina shiga gida uwar 'ya'yana ta dube ni ta baya ta riƙe baki.

"Baban Rubina, layin mai ka je ko injin niƙa?"

Na waiga, bayan rigata fari fat. Farar ƙasa ce. A layinmu yanzu babu abin da ba a shafa wa farar ƙasa ba: gindin itace, falwayar lantarki, bulullukan bakin hanya, har dutsen da karen unguwa ke kwanciya a kai. Karen ma da ya tsaya wuri ɗaya da an shafe shi. Wannan aikin Ƙungiyar Tsofaffin Hafsoshin unguwarmu ne, kuma tun da rigata ta shiga maganar, bari in ba ku labarin duka.

Ni dai farar hula ne, a rayuwata ban taɓa ba kowa umarni ya bi ba, ko babur ɗina sai ya ga dama. Amma da yake ina ɗan wannan rubutu a jarida, sai suka naɗa ni mai ba da labarin ayyukan ƙungiya, ba ko rupi ɗaya, sai shayi da biskit. Ayyukan nasu kuwa ba su da wuyar faɗa. Duk wata a taru a zaure, a yi wa waɗanda suka rasu addu'a, a tsine wa masu riƙe fansho cikin ladabi, sannan a shiga gardamar wane ne ya riga wane sa kaki. Wannan gardama ita ce ke raba kujeru, ita ce ke raba wanda zai fara ɗaukar kofi. Sakatarensu Kanar Gondal ne, mutum mai gashin baki kamar tsintsiyar kwakwa, shi ke riƙe da dokoki. Maƙwabcina Manjo Dilawar kuwa, da shekarunsa saba'in da ɗoriya da jikoki har sun soma aure, shi ne auta. Shi ke zuba shayi.

To, bara bayan zaɓe, mutanen babban da ya ci zaɓen, wanda muke kira Mai Girma Sarkin Haƙa, Allah ya ƙara masa shebur, suka zo suka yanke bakin layinmu da rami, daga bango zuwa bango, wai za a binne bututun ruwa. Ramin ya zo a kan lokaci, a nan kam ba za mu ci amanarsu ba. Bututun ne har yau yana hanya. Zurfinsa ya haɗiye mutum a tsaye, mun ɗora falanki ɗaya muna bi kamar 'yan wasan igiya, masu motoci kuma suna kwana da su a bakin titi.

Da abin ya tsaya nan da dariya kawai za mu yi ta yi. Amma Begum Surayya, matar Manjo Dilawar, tana fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako sai an kai ta asibitin birni an yi mata wankin ƙodar. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya taka falankin nan. A kujera ake ɗaukarta, Manjo a gaba, duk wanda Allah ya kawo a baya, a lallaɓa a tsallaka da ita zuwa tasi. Na sha riƙe bayan kujerar nan, kuma wallahi duk sanda na riƙe da addu'a nake tsallakawa. Ga damina ta ƙarato. Kowa ya san da ruwan farko bakin ramin zai zaizaye, falanki ya tafi. Wata rana mun sauke ta a tasi, Manjo yana haki ya ce min, "Ɗan jarida, likita ya ce in ta tsallake zuwa ɗaya..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

A taron watan ne aka yanke shawara, kuma gaskiya shawarar ta burge ni. Za a gayyaci Mai Girma Sarkin Haƙa liyafar shekara ta ƙungiya. Zauren taron yana bakin layin ne ta wajen titi, ramin na gefensa, don haka duk wanda ya sauko daga mota a ƙofar zauren, ramin ne zai fara yi masa sannu da zuwa. Ba sai an yi dogon bayani ba, ido zai gani. Mai Girma ya amsa gayyata nan da nan, domin shi mutum ne da ba ya wulaƙanta shinkafa.

Sai dai masu iya magana sun ce hali zanen dutse. Ana saura 'yan kwanaki Kanar Gondal ya fito da sandarsa a hammata, ma'aikata na biye da bokitai da burushi. Aka share, aka wanke, aka shafe komai fari. Ya zo bakin ramin ya tsaya, ya leƙa, gashin bakinsa ya motsa.

"Wannan fa? Babban baƙo zai zo ya tarar da wannan ƙazanta a ƙofarmu?"

Na ce, "Kanar Sahib, ai ita aka gayyato shi ya gani."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa akuya ta shigo masallaci. "Kai farar hula ne, ba laifinka ba ne. Ni tun ina ƙaramin hafsa har na ajiye kaki, babu wani babba da ya taɓa kawo ziyara barikina ya ga aibu da idonsa. Ba a yi ba, ba kuma za a fara a kaina ba."

"To ranar wanka ake ɓoyon cibi, ranka ya daɗe?"

"Za a sanar da shi matsalar da baki, bayan abinci, a tsare. Haka ake yi."

Kafin la'asar an kafa gwangwalaye, an ɗaura labulen nan masu ado da ake kewaye rumfar biki da su, an rufe ramin ruf daga bango zuwa bango. Aka jera tukwanen furanni a gaba, aka kewaye su da farin bulo. Jama'a, ban taɓa ganin wurin da ya yi kyau kamar bakin ramin nan ba, har masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto. Abin da ya fi ba ni takaici, wanda na gani riƙe da igiya yana ɗaure labulen, Manjo Dilawar ne. Na ja shi gefe.

"Manjo Sahib, kai ma?"

Bai iya haɗa ido da ni ba. "Kanar ya ba da umarni. Bin na gaba bin Allah ne, ɗan jarida. Za a yi maganar, ya yi alkawari."

Ranar liyafa ta faɗo daidai da ranar asibitin Begum, amma aka ce ba komai, baƙo zai zo da azahar, kafin la'asar an watse. Tsofaffin nan suka jeru a ƙofar zaure tun kafin lokaci, kwat da wando a cikin zafin nan, lambobin yabo na ƙyalli a ƙirji, takalma kamar madubi. Mai Girma ya zo a lokacin manya, wato bayan kowa ya jiƙe da gumi. Motocin da suka rako shi ban ƙirga ba, amma na lura babu wadda aka turo da ƙafa. Aka rataya masa furanni a wuya, aka ba shi garkuwar ƙungiya, ya tsaya a gaban labulen nan, bayansa bai fi taku ɗaya da ramin ba, aka yi hoto. Na yi ta addu'a a zuciyata mai hoton ya ce masa ya ɗan ja baya, Allah bai karɓa ba.

Aka zauna cin abinci. Biryani, wato dafa-dukan shinkafa, da kaza da gurasa mai zafi, ga kunun shinkafa da madara mai sanyi a ƙarshe. Na sunkuya na raɗa wa Manjo cewa ga shi fa kusa, ya jefa maganar yanzu da bakinsa ke cike ba zai iya musu ba. Ya girgiza kai a firgice. Ashe a teburin hafsoshi akwai abubuwa huɗu da ba a ambata: aiki, kuɗi, siyasa, da mata. To rami aiki ne, kwangilarsa kuɗi ce, wanda ya ba da ita siyasa ne, Begum kuwa mace ce. Sai aka yi hirar zafin bana da farashin mangwaro, Mai Girma ya ƙara faranti.

Bayan abinci kuma doka ta ce babba ne ke fara magana, ba a katse shi. Babban ƙungiya shi ne Birgediya Fateh Sher, tsoho tukuf da ya doshi casa'in, kunnensa ya yi ritaya tun kafin shi. A can wata unguwa yake zaune, sai ranar taro ake kawo shi. Ya miƙe da kwagirinsa zai yi godiya a taƙaice, sai godiyar ta bi hanya ta hau dutse, ta shiga labarin wani alfadari da ya taɓa maƙalewa a dusar ƙanƙara da buhunan gari a bayansa. Duk wanda ke zauren ya haddace alfadarin nan, amma haka suka zauna ƙyam. Ba a kai ga ciro alfadarin ba Mai Girma ya duba agogo, ya goge baki, ya miƙe.

"Iyayena, a gafarce ni, ana jirana a wani taro. Amma sai na faɗi gaskiya. Na zagaye garin nan kaf, ban ga layi mai tsafta da tsari kamar naku ba. Ko'ina na je kuka ake min, kwata, rami, hanya. Ku kuwa ko tari ba ku yi ba. Wannan shi ne kishin ƙasa! Zan gaya wa ofishina cewa layin nan ba ya bukatar komai, a kai aikin inda ake da matsala."

Aka tafa. Wallahi aka tafa, har da Kanar Gondal, fuskarsa na sheƙi kamar an ƙara masa girma. Na ga Manjo Dilawar ya taka gaba, bakinsa ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, akwai..."

Kanar ya ɗaga masa gira ɗaya kawai, don Birgediya bai zauna ba tukuna, ga kanar-kanar a gaba da ba su yi magana ba. Manjo ya haɗe ƙafafu ya ƙame. Mutumin da aka ce ya taɓa tsallaka kogi ana ruwan harsashi, gira ɗaya ta tsayar da shi. Motoci suka tashi, ƙura ta lafa, tsofaffi suka shiga taya juna murnar an yi taro lafiya babu abin kunya.

Can sai muka ji tasi na ta hon a bakin titi, sannan wata murya daga bayan labule.

"Manjo Sahib! An gama faretin?"

Aka janye labulen. Begum Surayya ce a kan kujerarta a ɗaya gefen ramin. Matan maƙwabta ne suka kawo ta nan tun ɗazu, suka tarar tukwanen furanni sun tare falanki, aka kuma ce musu kada a taɓa komai sai baƙo ya tafi. Rana ta gasa ta, leɓɓanta sun bushe, mayafinta ya jiƙe. Ta dubi furannin, ta dubi farin bulon, sannan ta dubi Kanar.

"Yaya Gondal, sannu da aiki, ramin ya yi kyau. In na mutu a bakinsa, ku shafa min farar ƙasa ni ma, kada baƙi su gani."

Na ga gashin bakin Kanar ya sauka, na ga hawaye na bin kumatun Manjo yana tsaye a ƙame bai share ba. Ni ma dai sai da na juya kai, don abin ya taɓa ni ƙwarai. Birgediya ne ya karkata kunne ya daka tsawa irin ta kurame.

"Me ta ce? Wannan ramin kuma daga ina?"

Ashe babu wanda ya taɓa gaya masa. Shi a saninsa liyafar shekara kawai aka yi, domin a tsarinsu mugun labari ba ya hawa sama sai an yi masa wanka. A nan Manjo Dilawar, autan ƙungiya, mai zuba shayi, ya tsallake kanar-kanar ɗin nan duka ba tare da neman izini ba, ya kafa bakinsa a kunnen tsohon ya zazzage masa komai da ƙarfi, har na bakin titi suna ji. Ramin, falankin, ƙodar, daminar, da abin da likita ya ce.

Birgediya ya daɗe yana kallon Kanar Gondal. Ban san me ke cikin kallon ba, amma na ga Kanar ya cire kwat ɗinsa da lambobinsa ya miƙa min, ya kawar da tukwanen da hannunsa, ya taka falankin ya kama bayan kujerar. Shi da Manjo suka tsallako da ita.

"Gobe da safe," in ji Birgediya, "kowa da shebur. Har da ɗan jaridar nan."

Da tsohuwar zuma ake magani. Kashegari na ga abin da ban taɓa gani ba, masu ciwon gwiwa da masu hawan jini suna tura baro. Farin bulon nan aka fara zubawa, da ɓaraguzan wani tsohon gini, har ƙasar tukwanen furannin. Ni aka ɗora wa kwanon sarki, har yau wuyana bai dawo daidai ba. Ba duka ramin suka cike ba, daidai faɗin mota kawai, aka daddaɓe shi da kyau. Kafin mako ya zagayo tasi ta shiga har ƙofar gidan Manjo. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, sauran ramin ya cika ya batse, falanki ya bi ruwa, amma Begum ta je asibitinta.

Kuna tsammanin labari ya ƙare? Ai ba ku san masu girmanmu ba. Ofishin nan da ya shekara bai amsa mana sallama ba, sai ga shi ya aiko da katafila da wani ɗan ofis mai jaka a hammata, ranar asibiti, ga hadari ya haɗo. Ɗan ofis ɗin ya ce ramin nan dukiyar gwamnati ne. An riga an ba da kwangilar cike shi gwargwadon tsawonsa, in wani yanki ya ɓace lissafin ɗan kwangila zai lalace. Don haka dole a sake haƙe wurin, domin a cike shi bisa ƙa'ida.

Na ce, "Yaushe za a cike ɗin, yallaɓai?"

"Da zarar kuɗi sun fito."

"Mara lafiyar fa?"

"Wannan ba sashenmu ba ne."

Aka buga wa Birgediya waya. Ba a jima ba aka kawo shi, ya sa aka ajiye masa kujera a tsakiyar wurin da aka cike, ya zauna, ya dogara haɓarsa a kan kwagiri. Ɗan ofis ya yi magiya, ya yi barazana, amma yi wa kurma barazana wahalar da baki ne. Sai ya juya ya ce wa direban katafilar ya matso, in tsohon ya ji rugugi zai tashi. Direban wani dattijo ne mai furfura, Mehrban sunansa. Ya matso kaɗan, ya leƙo ta taga, Birgediya ya ɗaga kai ya dubi yadda yake zaune, bayansa a miƙe kamar an haɗiye sanda.

"Kai! Wace bataliya?"

Jama'a, a ƙasar nan tamu ta Potohar, in ka jefa dutse sama a kan tsohon soja zai faɗo. Kafin ɗan ofis ya ƙifta ido Mehrban ya diro ƙasa, ya buga ƙafa a cikin taɓo, ya sara, ya faɗi bataliyarsa da muƙaminsa na saje.

"Saje Mehrban, ƙarƙashin Birgediya za ka haƙa?"

"Allah ya kiyaye, Sahib!"

"To kashe injin nan, yana damun mara lafiya."

"An gama, Sahib!"

Ɗan ofis ya yi ta tsalle yana cewa shi ne ke biyansa, ba tsohon ba. Mehrban ya ce masa, ba tare da ya juya kai ba, "Yallaɓai, ka kore ni gobe, yau dai ba a sallame ni daga nan ba." Halin nan nasu da ya ɓoye mana rami, shi ne dai ya tsare mana hanya, ni kam na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Ana cikin haka tasi ta fito daga layi. Birgediya ya miƙe, aka janye kujerar, motar ta bi ta kan wurin a hankali, Manjo a gaba, Begum a baya. Tsofaffin suka jeru suka sara mata, har da Kanar Gondal. Tana wucewa aka mayar da kujerar, Birgediya ya koma ya zauna, ya kira Mehrban kusa ya fara ba shi labarin alfadari daga farko. Ɗan ofis bai kai ƙarshensa ba, ruwa ya kore shi.

Yanzu dai na ji an ce Mai Girma Sarkin Haƙa, Allah ya ja zamaninsa, ya kafa kwamiti mai ƙarfi da zai binciki yadda aka yi wani yanki na ramin gwamnati ya ɓace da rana tsaka, kuma an ware wa kwamitin motoci da mai. A matsayina na ɗan ƙasa nagari ina roƙon masu karatu, duk wanda ya tsinci guntun rami, faɗinsa kamar na mota, ya taimaka ya kai ofis. Mu dai a layinmu ba mu gani ba. Abin da na gani ɗazu ta taga shi ne Begum Surayya ta dawo daga asibiti, a ƙofar gidanta aka sauke ta.